Ƙullin Koren Zare

Ranar da ɗana Usama ya dawo daga tantancewar shiga soja ya ce min an cire shi saboda ido, dariya na yi. Yaron da ke hango mai awara tun daga bakin layi, shi ne za a ce ba ya gani? Na ce ya dai faɗi gaskiya, in gudu ne ya gagare shi ba mai ji daga bakina. Ya rantse, ya miƙo min takarda. Washegari ban buɗe shagon ɗinkina na Wunti ba, na sa shi a gaba muka tafi asibitin ido, ni a tunanina gilashi za a yanka masa a wuce wurin.

Likitar da ta duba shi sunanta Christiana, wata siririyar mata mai sanyin magana. Ta sa shi karanta haruffan jikin bango, ya karanto har layin ƙarshe, wanda ni ko da na matse ido ba abin da nake gani sai kamar ƙudaje. Na fara gyara zama zan ce ai dama na faɗa, sai ta ɗauko wani ɗan littafi. Kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu launi, kamar an zuba wake iri-iri a faranti, a tsakiya kuma lamba. Shafin da ta buɗe, ni daga inda nake zaune ina ganin saba'in da huɗu ɓaro-ɓaro. Usama ya duba ya ce ashirin da ɗaya. Na zungure shi da gwiwar hannu. Ta buɗe wani, ya ce shi bai ga lamba ba sam. Nan na taso masa, na ce ya daina kunyata ni a gaban mutane.

“Madam, bar shi,” in ji likitar. “Abin da ya gani ne yake faɗa miki.”

Ta yi min bayani a hankali. Ta ce can a bayan ido akwai wasu ƙananan ƙwayoyi iri uku masu karɓar launi, wasu sun fi kama ɓangaren ja, wasu kore, wasu shuɗi, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa saƙonsu ta fitar da duk launukan da muke gani. Wasu mutanen ana haifarsu iri ɗaya bai cika aiki ba, sai ja da kore su zo musu kusan abu guda, musamman masu duhu. Ba ciwo ba ne, ba ya ƙaruwa, ba shi da magani. Ta ce da yawa har su tsufa ba su sani ba, tunda ba wanda ya taɓa aron idon wani ya gwada. Maza ya fi kamawa nesa ba kusa ba, amma ta wajen uwa yake biyowa: mace tana ɗauke da shi, ita tana gani ras, ta ba ɗanta. Sai ta tambaye ni ko a cikin 'yan'uwana maza akwai mai rikita launi.

Na ce babu. Bakina ne ya faɗa, amma tun kafin ta rufe nata bakin na riga na san mutumin, kuma na san abin da na yi masa.

Mu 'yan Ƙofar Wambai ne. Mahaifinmu, Malam Badruddeen, ɗinkin hula ya gada, a zauren gidanmu yake zama. Shi ke zana fasalin a jikin farin ƙyalle, shi ke cike shi da zare, kuma har daga Gombe da Jos ake zuwa nemansa. Mutum ne mai zafi. A wajen Baba babu wani abu wai shi kuskure. In ka ɓata aiki, ko raini ne ko ganganci, ka zaɓi ɗaya. Ɗansa namiji ɗaya ne, Yaya Ikrima, wanda ya girme ni da shekara huɗu. Hannun Yaya wajen allura, in ba a gaban Baba ba, kowa yana faɗa ya fi na Baban kyau. Ɗinkinsa a jere yake kamar ba mutum ya yi ba.

Ina da shekara goma na fara lura da wani abu. Zare na gabansa, amma sai ya ƙwala min kira ya ce in miƙo masa ja. Na sha ce masa malalaci. Wata rana na ga ya ɗauki kore zai zura a allura a inda Baba ya ce ja, na ce, “Yaya, wannan ai kore ne.” Ya ce gwada ni yake yi. Washegari ya ja ni bayan ɗaki ya ce zai koya min wani wasa. A gidanmu a jikin guntun kwali ake naɗe zare, kowane launi da kwalinsa. Ya ce duk ran da Baba ya sayo sabon zare, in yagi ɗan tsumma in ƙulla a jikin kwalin koren, in bar jan haka nan. Shuɗi da rawaya da fari ba ruwansa da su, waɗannan biyun kawai. Ladana ƙuli-ƙuli ne, ran Juma'a kuma alewa.

Shekara uku muna haka ba wanda ya sani. Shi ya sa min suna Idon Yaya. Mutanen gida sun ɗauka don ina bin sa ko'ina ne kamar jela, har Hajja mahaifiyarmu ta kama kirana da shi. Sunan ya bi ni gidan miji, ya bi ni har na haihu huɗu. In wayata ta yi ƙara na ɗauka na ji “Idon Yaya, kina lafiya?” to duk abin da ke damuna ya ragu da rabi. Duk duniya ba ni da kamarsa, kuma shi ma ya sha faɗa a gaban matarsa cewa a gidanmu ni kaɗai ce ban taɓa juya masa baya ba.

Ina da sha uku, shi yana da sha bakwai, wani tsohon mai sayen hular Baba, Alhaji Hammadu, dillalin shanu, ya ba da aikin hular Babbar Salla. Furannin ja mai duhu, layukan da suka kewaye su kore. Baba ya zana, ya miƙa wa Yaya ya ce daga farko har ƙarshe nasa ne. In ya fitar da shi kunya, zai shimfiɗa masa tabarmarsa a zaure, ya fara karɓar aiki da sunansa. Kwana biyu da haka aka aiko wan Baba ba lafiya a Azare, ya tafi jinya. Yaya ya kwashe aikin ya kai ɗakinsa, yana zama bakin taga, ya hana kowa gani sai an gama. Ni kaɗai ke shiga.

Ya kai rabi cif lokacin da ya kama ni a gidan maƙwabta ina kallon fim ɗin Indiya, alhali an san ina islamiyya. Ya jawo ni da kunne har gaban Hajja, ita kuma ta zane ni da maburgi, ƙawayena na leƙe ta katanga. Ba dukan ne ya ƙona min rai ba, dariyarsu ce. Da safe, ya fita sayo koko, na shiga ɗakinsa na kwance tsumman daga jikin kore na ƙulla wa ja.

Wallahi a zatona ɗinki ɗaya zai yi ya gane. Zai biyo ni da gudu, in ɓuya bayan Hajja, shi ke nan mun yi canjaras. Ya dawo ya zauna, ya shafa kwalayen da yatsa kamar yadda ya saba, ya ɗauki wanda ba ƙulli, ya zura. Ina zaune a gefensa na ga kore yana shiga cikin furen da ya kamata ya zama ja. Yana ɗinki yana 'yar waƙarsa. Da ya gama fure ɗaya ya ɗaga ya nuna min, ya ce ya na gani. Na ce ya yi kyau.

Ranar farko haushi ne ya rufe min baki. Rana ta biyu tsoro ne, don in na faɗa sai an warware aikin yini guda, kuma zai san ni ce. Zuwa rana ta biyar na daina neman dalili, kawai ina kai masa ruwa ina fitowa. Kwana tara ya yi yana ɗinka rabin nan. Da safen ranar da Baba zai dawo na lallaɓa na mayar wa kore tsummansa.

Bayan la'asar aka kawo hular zaure, a naɗe cikin farin ƙyalle, Alhaji Hammadu na zaune. Ni ina laɓe a bayan ƙofar shiga gida. Baba ya ɗora ta a kan dunƙulen hannunsa yana juyawa. Rabi jan fure cikin koren layi, yadda aka ce. Daga nan kuma, ba gaira ba dalili, koren fure cikin jan layi har ƙarshe. Alhaji Hammadu ya yi gyaran murya ya kau da kai, wanda a wajen Baba gara a zage shi. Baba ya ɗora yatsa a kan fure ɗaya.

“Ikrima, wannan wane launi ne?”

Yaya ya daɗe yana kallo. Na ga yatsunsa suna motsi a kan cinyarsa, suna neman abin da za su shafa.

“Ja ne, Baba.”

Kore ne shar. Ƙarar marin har tsakar gida aka ji ta. Baba ya ce ɓata aikin bai ishe shi ba, sai ya mayar da shi mahaukaci a gaban baƙo. Ya ce muddin yana numfashi hannun nan ba zai sake riƙe allura a zaurensa ba. Hajja ta ba da haƙuri, maƙwabta suka ba da, Alhaji Hammadun ma ya ba da. Kafin mako ya zagayo an kai Yaya wajen wani mai walda a Fadaman Mada.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba marin ba ne. Washegarin ranar, Yaya ya same ni a bakin rijiya da kwalayen nan biyu a hannunsa, kuncinsa a kumbure. Ya tambaye ni, a hankali, kore ne mai ƙulli ko? Na ce eh. Ya ce in duba, wannan mai ƙullin kore ne? Na duba na ce kore ne. Ya jinjina kai ya ce to shi ne ya rikice, kansa ne ba daidai ba. Na fashe da kuka. Ya dafa kaina ya ce in yi shiru, ni na yi iya ƙoƙarina.

Shekara ashirin da shida ke nan. Yaya ya zama mai walda, kuma ya iya, don hannu ba ya ɓuya. Ƙofofinsa in ka ga yadda ya lanƙwasa ƙarfe ya fitar da fure za ka san ɗan wane ne. Amma duk baƙin fenti yake musu, wanda ke son wani launi ya nemi mai fenti. Matarsa ke zaɓar masa kaya. In ya auna abu sai ya auna sau uku, in aka yi masa tsiya ya ce kansa ba ya riƙe abu, tun yana yaro haka yake. Mutane na dariya, ni ma ina taya su da haƙora.

Shekara huɗu da suka wuce Baba ya kwanta ciwon ajali. Yaya ya durƙusa a gaban gadon, mutum mai furfura a gemu, ya ce Baba ya yafe masa maganar hular nan. Baba ya ce ya yafe. Yaya ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, don murna. Ina tsaye a wurin da kofin ruwa a hannuna. Bayan an yi bakwai aka rufe zauren, gwangwanin alluran Baba kuma aka ce a ba ni, wai tunda Sauda ce mai ɗinki. Na karɓa.

Duk tsawon shekarun nan akwai abin da nake lallashin kaina da shi: ƙuruciya ce, kuma shi ma da ya buɗe ido da kyau ai da ya gani. Likita Christiana ta ƙwace min wannan a cikin minti biyar. In kuwa zan faɗi gaskiya, ba ta gaya min sabon abu ba. Suna kawai ta ba shi. Yarinyar da ta yi shekara uku tana ƙulla tsumma ta san yayanta ba ya gani, ko da ba ta san me ake ce wa abin ba.

Kwana uku ina juyi. Na ɗinka wa wata mata hannun riga a bai-bai, na ƙona miya. In na yi shiru, Yaya zai mutu yana ganin kansa ne da matsala. In na yi magana, ban san abin da zai rage tsakaninmu ba, kuma ina jin tsoron wannan fiye da yadda nake jin kunyar faɗa. Ran Asabar da hantsi na sa Usama ya turo min hoton da'irar nan a waya, na hau keke zuwa Fadaman Mada.

Na same shi a ƙofar shagonsa, wanda ke manne da gidansa, yana durƙushe a kan wata ƙofa, tartsatsi na tashi. Ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi ya washe baki.

“Idon Yaya! Yau kuma an tuna da talakawa?”

Ya jawo min benci, ya aika cikin gida a kawo kunu. Ya tambayi Usama, na ce maganarsa ce ma ta kawo ni. Na miƙa masa wayar na ce ya karanta min lambar. Ya nesanta ta da fuskarsa, irin na masu shekara arba'in, ya ce ashirin da ɗaya mana, ko gwada shi nake yi. Na ce saba'in da huɗu ce. Ya ce in daina wasa. Ya kira wani mai sayen ƙusa da ke wucewa ya nuna masa, mutumin ya ce saba'in da huɗu ya yi gaba.

Na maimaita masa duk abin da likita ta faɗa, ƙwayoyin nan uku, da yadda abin ya biyo ta wajen Hajja ya same shi, ya ratsa ta jikina ya sami Usama. Yana saurare yana kallon wayar. Da na gama ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya ce shi duk zatonsa kowa haka yake fama, mutane haddacewa kawai suke yi, shi ne Allah bai ba shi kan haddar ba. Ya miƙe ya shiga gida. Na ɗauka kuka ya tafi yi. Sai ga shi da wata tsohuwar leda, ya kwance, ya fito da hular.

Ban san ya ajiye ta ba. Farin ya koma ruwan ƙasa, amma zaren na nan da launinsa.

“Nuna min inda na ɓata,” ya ce. “Duk shekara sai na ɗauko ta na duba. Ban taɓa gani ba.”

Na ɗora yatsana a daidai inda aikin ya juya. Na ce daga nan zuwa nan ja ne, daga nan kuma kore. Ya shafa wurin da babban yatsansa mai tabon wuta, ya kai kusa da ido, ya nesanta. Ya ce Allahu akbar, ashe ba raini ba ne, da ma Baba na da rai ya ji. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sai kuma ya girgiza kai.

“Amma duk da haka da laifina. Ƙulli ai ba launi gare shi ba. Kin ƙulla min daidai, ni na rikita.”

Ga ƙofa a buɗe, da na so da na fita ta nan. Kunun ma ya iso, matarsa ta ajiye ta gaishe ni ta koma. Na riƙe bakin bencin da hannu biyu na ce masa bai rikita ba. Na gaya masa fim ɗin Indiya, da maburgin Hajja, da safiyar da ya fita sayo koko. Na gaya masa yadda na mayar da tsumman kafin Baba ya dawo. Ban ce ƙuruciya ce ba, don na gaji da jin kalmar a cikin kaina.

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya tambaye ni kwana nawa ya yi yana ɗinka rabin, na ce tara. Ya ce ina kallo? Na ce ina kallo.

“Ranar da na roƙi Baba gafara,” ya ce, “kina ɗakin.”

“Ina ɗakin, Yaya.”

Ya daɗe yana juya hular a kan dunƙulen hannunsa, sak yadda Baba ke yi. Na ce ya yafe min don Allah. Ya ce ya ji. Sannan ya mayar da ita cikin ledar, ya ɗora min a cinya.

“Tafi da ita. Ke kike ganin abin da ke jikinta.”

Ya sauke baƙin gilashin a kan idonsa ya koma kan ƙofarsa. Na zauna har kunun ya huce, bai sake ɗagowa ba, na tashi na tare keke.

Hular tana cikin durowar shagona, kusa da gwangwanin alluran Baba, duk sanda na buɗe neman almakashi sai mun haɗa ido. Kwana goma sha ɗaya ban ji daga gare shi ba. Jiya da azahar ina kan keken ɗinki wayata ta yi ƙara, na ga sunansa, na ɗauka. Ya ce a turo masa Usama ran Litinin, yana so ya zauna da shi, akwai dabarun da zai nuna masa waɗanda shi sai da ya sha wuya ya gano su. Na ce to, na gode. Na jira.

“Sai an jima, Sauda,” ya ce, ya kashe wayar.